Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tallafin Gwamnati ga Manoman da Ambaliya ta Shafa



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wannan gari mai alfarma, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Malamanmu da ke zaune a gaba, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, yayyena da ƙannena ɗalibai, na nan Makka da waɗanda suka taso daga Madina da Jidda da Riyad, barkanku da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

Batun da aka ba ni shi ne kuɗin da gwamnati ke bai wa manoma idan bala'i ya faɗa wa gona. Na san mafi yawanmu a nan shari'a ake karantawa, ko hadisi, ko lugga. Ni kuma injiniyancin ruwa na karanta, a kansa nake digiri na uku. Amma in aka ce wanda ba a noma a gidansu ya ɗaga hannu, hannuwan ba za su yi yawa ba. Kuma kowa ya san irin kiran wayar da ke shigo mana daga gida tsakanin Agusta da Satumba: ruwa ya shiga fadama, shinkafa ta nutse, gero ya kwanta. Da yawa cikinmu mukafa'ar wannan watan ba ta kwana a asusu, gida take tafiya. Don haka maganar ta kowa ce.

Abin da nake so mu tafi da shi guda ɗaya ne. Tallafin da zai amfani manomi, tun kafin ruwa ya zo ake tsara shi: wa za a biya, da wane ma'auni, cikin kwana nawa, ta wace hanya. In aka bari sai ruwa ya ci gona sannan aka zauna neman amsar waɗannan, to ko nawa aka ware, ɗan kaɗan ne zai isa hannun mai gona, kuma a makare. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara daga inda muke zaune. Makka kwari ce tsakanin duwatsu, ba garin noma ba ce, amma ta daɗe da sanin ambaliya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan awa ɗaya ke gangarowa daga kan duwatsu zuwa Misfala ya san abin da nake faɗa. A shekara ta 17 bayan hijira aka yi ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal, wadda ta shiga masallaci har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Sayyidina Umar ya taso daga Madina, ya mayar da shi, sannan ya sa aka gina shinge a saman gari don karkatar da ruwa. A 1039 bayan hijira, wato 1630, ambaliya ta rushe bangon Ka'aba, aka sake ginawa a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu. Hotunan 1941 kuma, na mutane suna ɗawafi cikin ruwa, kusan kowa ya gani a waya.

Shekara ɗaya bayan ambaliyar Ummu Nahshal, a 18 bayan hijira, sai ga kishiyarta. Fari ya kama Hijaz, dabbobi suka mutu, ƙasa ta yi baƙi har aka sa wa shekarar suna Shekarar Toka. Mutanen karkara suka kwararo Madina. Masu tarihi sun ruwaito cewa Umar ya naɗa mutane a kowane gefen gari su kula da baƙin, ya sa ana ƙirga waɗanda ake ciyarwa, ya rubuta wa gwamnoni su aiko da abinci, Abu Ubaida ya iso da ayari daga Sham. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara sai da aka samu sauƙi. Da ruwa ya sauka kuma, ya sallami mutane su koma garuruwansu da guzuri. Ku lura da abubuwan da ke ciki: an ƙirga mutane, an kawo agaji a kan kari, an ɗage musu abin da ake binsu, an mayar da su bakin sana'arsu.

Ɗaliban fiƙihu kuma za su tuna babin ja'iha, wanda ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da muka taso muna ji a zaure. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya sayi 'ya'yan itace suna kan bishiya, sai ƙanƙara ko fara ko wata annoba ta cinye sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗin daidai abin da ya lalace. In bai kai sulusi ba, asarar tasa ce. Na san hukuncin ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, gwamnati ba ta ciki. Abin da ya ja hankalina a matsayina na injiniya shi ne an kafa ma'aunin tun kafin annobar. Mai saye ya san sulusi ne, mai sayarwa ya sani, alƙali ya sani. Ranar da fara ta sauka, aikin da ya rage kawai a je a duba a auna.

To, mu koma gida mu ga yadda muke yi.

A 2012 Najeriya ta ga ambaliyar da ta fi kowace muni cikin shekaru kusan 40. Mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Ranar 9 ga Oktoba, Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce an ware naira biliyan 17.6: biliyan 13.3 ga jihohi, biliyan 4.3 ga hukumomin tarayya. Aka kasa jihohi gida huɗu. Rukunin farko, irin su Kogi da Binuwai da Adamawa, kowace miliyan 500. Kano da Jigawa da Kaduna da Bauchi suna rukuni na biyu, miliyan 400. Katsina tana na uku, miliyan 300. Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna na huɗu, miliyan 250. Aka kuma kafa kwamitin neman gudummawa ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. Daga baya da aka yi ƙididdigar ɓarnar, ta kai kimanin naira tiriliyan 2.6. In ka raba, abin da aka sanar a wannan jawabi bai kai kobo ɗaya a kowace nairar asara ba.

Ƙarancin kuɗin matsala ce, amma akwai wadda ta fi ta. Jiha aka bai wa kuɗin. Babu wani sashe da aka ɗaure da hekta, ko da sunan wani manomi. Daga Abuja zuwa babban birnin jiha, daga nan zuwa kwamiti, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa. A harkarmu ta ruwa, in ka saki ruwa daga madatsa cikin doguwar magudanar ƙasa da ba a dalaye ba, kafin ya kai gonar ƙarshe ƙasa ta sha, rana ta sha, na farkon layi sun ɗiba. Haka kuɗi yake.

Shekara 10 bayan nan, a 2022, abin ya dawo. Sama da mutum 600 suka rasu, sama da miliyan 1 suka rasa matsuguni, gonaki ɗaruruwan dubban hekta suka lalace, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar da kimanin dala biliyan 6.7. An raba abinci da tabarmi da gidan sauro a sansanoni, wannan an yi, kuma ya ceci rayuka. Amma babban shirin da hukumar NEMA ta gudanar na raba iri da taki da injin ban ruwa ga waɗanda ambaliyar ta shafa, sai cikin 2023 ya fara isa jihohi. A 2024 kuma, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba ruwa ya mamaye Maiduguri, gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3 don tunkarar ambaliya. Jihohi 36, biliyan 108 ke nan. Wadda ruwa ya cinye da wadda ya ɗan taɓa, duk kaso ɗaya.

Ba ina cewa babu masu kishi a waɗannan hukumomi ba. Akwai, wasunsu ma sun kwana cikin kwalekwale suna ceton mutane. Abin da nake cewa, tsarin ne ke da giɓi a wurare huɗu, kuma duk huɗun kafin damina ake iya toshe su.

Giɓi na farko, suna. Wane ne manomin? A takarda tambaya ce mai sauƙi, a ƙauye kuwa ba haka ba. Gona ɗaya tana iya zama ta gado a hannun magada goma, ɗaya ne ke nomawa. Akwai ta aro, akwai ta haya, akwai ta jingina, akwai wadda ake nomawa a raba amfani da mai ita. Akwai gayaunar da maigida ya yankar wa matarsa ko ɗansa a gefen gandu. In jami'i ya zo bayan ambaliya da takarda da biro ya ce a kawo sunayen masu gonaki, wa kuke ganin za a rubuta? Wani ɗan uwana a kwarin Haɗeja ya karɓi hayar fadama, ya ci bashin taki da iri, ya shuka shinkafa, ruwa ya shanye ta tana gab da fitar da kai. An zo an ɗauki sunaye. Sunan mai filin aka rubuta, mutumin da ke zaune a birni, ya riga ya karɓi kuɗin hayarsa tun bazara. Shi kuwa da ya yi asarar, sai da ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya biya bashi. Ba wanda ya yi masa ƙarya, ba wanda ya saci komai. Tambayar da aka yi ce ba ta dace ba, an tambayi mai gona maimakon a tambayi wanda ya shuka.

Mun taɓa kusantar maganin wannan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an yi wa miliyoyin manoma rajista don su riƙa karɓar saƙon takin tallafi ta waya. Shirin yana da nasa kurakuran, amma ya nuna ana iya yi. Bayan 'yan shekaru ya tsaya. Rajistar manoma kuwa kamar rijiya take, in ba a yasa ba sai ta cike, domin kowace shekara wani ya rasu, wani ya sayar, wani ya karɓi haya.

Giɓi na biyu, ma'auni. Me ake nufi da gona ta lalace? A nan ne karatunmu ke da abin cewa. Shinkafa ta san ruwa, amma in ya rufe ta ruf har kusan mako guda, yawancin ire-iren da muke shukawa mutuwa suke yi. Akwai ire-ire masu jurewa, kamar FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Najeriya a 2017, waɗanda kan kai kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Masara da gero da wake ba su da wannan juriyar. Ke nan tambayar da za a auna ita ce: wane amfani ne a gonar, ruwa ya rufe ta, kuma kwana nawa ya yi?

Da can sai an tura mutum ya taka ya gani, kuma lokacin ambaliya hanya ba ta biyuwa. Yanzu akwai tauraron ɗan adam na Tarayyar Turai mai suna Sentinel-1, wanda aka fara harbawa a 2014. Da rada yake aiki, don haka girgije ba ya tare masa gani, dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa. Ruwan da ya kwanta yana fitowa baƙi a hoton, saboda siginar da aka aiko tana zamewa a kansa ba ta koma wa tauraron. Kowane ɗigo a hoton kimanin mita 10 ne tsawo da faɗi, hekta ɗaya ɗigo 100 ke nan. Yana sake bi ta kan wuri ɗaya duk bayan kwana 6 zuwa 12, kuma hotunan kyauta ne, kowa na iya saukewa ta intanet. In kana da taswirar iyakar gonar mutum, sai ka ɗora ta a kan hotunan makonni biyu ko uku, ka ga ko ruwa ya shiga, da kusan tsawon zamansa. Amma fa sai kana da taswirar. Tauraro yana ganin ruwa, ba ya ganin sunan mai shuka. Kun ga giɓi na biyu ba ya toshuwa sai an toshe na farko.

Giɓi na uku, lokaci, kuma a ganina shi ya fi ciwo. Ambaliya a arewa yawanci Agusta da Satumba ce. Ruwa na janyewa cikin Oktoba, ya bar fadama da danshi da sabon laka. Alkama ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta samu sanyin hunturu. Masu tumatir da albasa da tattasai su ma a wannan tsakanin suke haɗa reno su yi dashe. Ke nan manomin da ruwa ya ci gonarsa yana da 'yan makonni da zai iya rama wani abu da noman rani, in ya samu iri da taki da man injin ban ruwa. In bai samu ba, sai ya sayar da akuya, sai sa, sai injin kansa, ko ya ci bashin da zai biya da buhu a kaka mai zuwa a farashin da mai kuɗi ya yanka. Naira dubu 50 a watan Oktoba tana iya hana a sayar da sa. In ta zo a watan Yuni, sa ya riga ya tafi, kuma dubu 50 ba ta sayo wani.

Ga kuma bashin hukuma. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi. Shirin ya faɗaɗa noman shinkafa ƙwarai. Sai ga ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi ɗin. Manomin da ya karɓi rance ya wayi gari ba shinkafa, ga bashi. Tun ranar da aka ba shi rancen ya kamata takardar ta faɗi abin da zai faru in ruwa ya ci gonar: a ɗage biya zuwa yaushe, a yafe kashi nawa. Abin da Umar ya yi da zakkar Shekarar Toka ke nan.

Giɓi na huɗu, hanya. Buhu yana buƙatar mota da sito da mai gadi da mai rabo, kowannensu ƙofa ce. A sansanin gudun hijira, inda babu kasuwa, abinci dole ne. Amma manomin da ya koma gida, kuɗi ya fi masa amfani, shi ya san ko iri yake buƙata ko gyaran inji. Yau akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, akwai lambar banki, akwai masu POS a kusan kowace kasuwar ƙauye. Mu nan ma shaida ne: mukafa'armu ba ta bi ta hannun kowa, lambar iƙama ce da lambar asusu, sai dai ka ji waya ta yi ƙara.

Wasu ƙasashe sun gwada toshe waɗannan giɓi, ya kamata mu san abin da suka samu. A nan Saudiyya, bayan ambaliyar Jidda ta 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta zo daidai lokacin aikin Hajji ta kashe sama da mutum 100, Sarki Abdullah ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan 1, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid al-Faisal, daga baya aka gina madatsu da manyan magudanai. A ɓangaren noma, a Janairun 2019 an ƙaddamar da shirin Rif na tallafa wa ƙananan manoma, irin masu furen wardi na Ɗa'ifa da masu kofi na Jazan da masu kiwon zuma. Shirin ba na bala'i ba ne, amma manomi yana rajista ta intanet, kuɗi na shiga asusunsa kai tsaye. Ƙasar da ta riga ta san manominta da asusunsa, ranar bala'i rabin aikinta ya ƙare. Na san za ku ce su suna da arzikin mai kuma manomansu kaɗan ne. Gaskiya ne, shi ya sa zan kawo waɗanda suka fi kama da mu.

Indiya ta fara babban shirin inshorar amfanin gona a 2016. Manomi yana biyan kashi 2 cikin 100 na darajar abin da aka yi wa inshora a noman damina, kashi 1.5 a noman hunturu, gwamnatin tarayya da ta jiha su cika sauran. Manoma miliyoyi ne a ciki, amma su ma suna kuka da jinkirin biya, musamman inda jiha ta makara da kasonta. A arewacin Kenya, a yankin Marsabit, tun 2010 ake wa makiyaya inshorar da ke dogara da hoton tauraron ɗan adam: in koren ciyawa ya ragu ƙasa da wani mataki, sai a biya, ba sai an ƙirga gawar dabbobi ba. Ga 'yan uwanmu na Nijar kuma, ƙasarsu na cikin na farko da suka shiga asusun inshorar fari da Tarayyar Afirka ta kafa a 2012. Bayan ƙarancin ruwan daminar 2014, a farkon 2015 aka biya Nijar da Senegal da Muritaniya sama da dala miliyan 26, Nijar ta samu kusan miliyan 3.5. Kuɗin ba su da yawa, amma sun fito ne bisa ƙa'idar da aka sa wa hannu tun kafin damina.

Mu ma muna da hukumar inshorar noma, NAIC. An fara shirin a 1987, aka ba shi doka a 1993, kuma doka ta ce gwamnati ta ɗauke wa manomi rabin kuɗin inshorar. Sai dai yawancin waɗanda ta kai gare su masu karɓar rancen banki ne, saboda sharaɗi ne na rancen. Mai hekta ɗaya a Auyo ko Goronyo ko Argungu, da wuya ya taɓa ganin takardarta. Wani kuma ko ya gani zai ja baya, yana shakkar halaccin inshora. A nan aikin ya dawo kanku, ɗaliban shari'a. Tun 2013 hukumar kula da inshora ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma ƙasar da muke zaune a ciki tsarin inshorar haɗin gwiwa take bi. Manomi yana buƙatar malamin garinsu ya yi masa bayani da Hausa, a kan mumbari ko a zaure, menene takaful, ina ya bambanta da inshorar da yake ƙyama.

Dole in faɗi iyakar abin da nake tallatawa. Biya bisa hoton tauraro yana kuskure. Wata gonar ruwa zai ci ta ya janye tsakanin hoto da hoto, na'ura ta ce lafiya lau. Shukar da ta yi tsawo tana ɓoye ruwan da ke ƙarƙashinta. Tsuntsayen jan-baki in suka sauka a kan shinkafa, rada ba ta ganinsu. Don haka dole a bar ƙofar ƙorafi, malamin gona da dagaci da sarkin noma su je su duba. Rajista ma ana iya cusa mata sunayen bogi. Maganinsa a kafe jerin sunayen a ƙofar dagaci tun bazara, a karanta shi bayan sallar Juma'a da ranar kasuwa. A ƙauye kowa ya san wanda ya shuka wace gona, sunan bogi ba ya jure a karanta shi a bainar jama'a.

Kuma tallafi ba ya maye gurbin gyara. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982, madatsar Dasin Hausa da ya kamata ta tare ruwanta a Adamawa har yau ba a gina ba. A kwarin Haɗeja, ƙasa da madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa kogi ke fasa gefe ya shiga gonaki. Madatsar Alau ta taɓa jawo ambaliya a 1994, shekara 30 kafin ta 2024. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, tun kafin ruwan farko. Sanin yana nan, abin da ya rage a ɗaura shi da kasafin kuɗi.

To, mu ɗalibai, me ke hannunmu? Ba mu da biliyan, amma muna da hutu, muna da waya, kuma in mun koma gida ana saurarenmu, wani lokacin ma fiye da yadda muka cancanta. Shawarata ita ce duk wanda zai je hutu ya zauna da dagacinsu da sarkin noma da shugabannin ƙungiyar manoma, a rubuta wanda ya shuka kowace gona a bana, da abin da ya shuka, da lambar wayarsa, har da mata masu gayauna da masu haya. Wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar iyakar gona in ka zagaya ta da ƙafa, aikin minti 15 ne. Masu karatun kwamfuta da injiniyanci mu haɗa hannu mu ɗora waɗannan a kan hotunan tauraro, ni a shirye nake in koya wa duk mai so, zama biyu ko uku ya isa a fara. Masu shari'a su rubuta mana bayanin ja'iha da takaful da Hausa mai sauƙi. Masu zuwa aikin gwamnati ko siyasa kuma, in Allah Ya kai ku kujerar, ku nemi a rubuta ƙa'idar biya cikin dokar jiha: kaza ga kowace hekta, in ruwa ya yi kwana kaza, a biya kafin ƙarshen Oktoba.

Ƙauye ɗaya da ke da irin wannan jeri, ranar da jami'ai suka zo da takarda da biro, ba za a fara daga tambayar wa ke da gona ba. Za a miƙa musu abin da aka rubuta tun watan Yuni, wanda duk gari ya ji an karanta. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan cikin ayyukan shekara mai zuwa, ko da ƙauyuka biyar ne a gwada, in mun sake haɗuwa a irin wannan taro a kawo rahoton abin da aka samu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare gonakin iyayenmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su.